Jan Naman Ƙafar Safi

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya warware ƙyallen da ke ƙafar Safi, sai ya tsaya cak.

"Ina jan naman nan? Wancan makon ramin ciwon ya fara cika."

Jimrau, mijinta, ya gyara rawani. Tun daga Tagriss har asibitin Dakoro yake ɗokin a yi masa tambayar nan. Shi ne fa mai jinya tun ranar da saniya ta kafta mata ƙaho a ƙwauri.

"Na kankare shi, Majo. Da aska sabuwa fil. Shegen nama, kana cirewa yana tsirowa."

"Ka yi mi?"

"Yadda muke wa jaki in bayansa ya yi gyambo. In ka bar tsiron nan, fata ba ta haɗewa."

Majo ya dafe kai ya yi salati.

"Malam, ƙananan jijiyoyin jini ne kake kashewa. Daga tsofaffin suke tsirowa kamar saiwar gero, su kai abinci wurin, sannan fata ta bi ta kansu ta rufe."

Jimrau ya leƙa ciwon. Ya yi fari fat, ya ƙara faɗi, ga wari.

"Abin da ko ƙuda ya taɓa sai ya yi jini, shi ne lafiyar? Kai ma ai ka yanke mata nama ranar farko, da idona na gani!"

"Wancan baƙi ne, matacce."

"To na jakin fa? Ja ne, kuma ya warke."

"Na jaki ya cika har ya haura fata. Nata ko rami bai cike ba."

Wai wani jan a cire, wani jan a bari! Kan Jimrau ya ɗaure tamau. Ya girma cikin dabbobi, bai taɓa jin an bambanta ja da ja ba.

"In bai sake tsirowa ba, sai babban asibitin Maradi," in ji Majo. "Ina tsoron a yanke ƙafar."

Tsoro ya kama Jimrau, ya nemi bango ya jingina.

Majo ya juya wurin Safi. "Ke kuma, baiwar Allah, babu zafi ne kika yi shiru?"

Ta sunkuyar da kai.

"Akwai mana, har zane nake cizo. To shi ma yana yi yana hawaye. Na ce in na yi ƙara, ba zai iya gama min maganin ba."