Ƴaƴan Kwaɗi a Kwanon Kadi

Da gwiwa ta fara yi wa Nassirou gardama, sai ya ajiye tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya zauna a gidan da ya gina a ƙarshen unguwar Koira Kano, inda sababbin gidaje ke cakuɗe da kangaye. Bayan gidan akwai ɗan fili da ya rage. Matarsa Ramatou ta so a yi akurkin kaji a wurin, shi kuwa ya ce kududdufi zai haƙa. Mutumin Madarunfa ne, a bakin tafki ya tashi, kuma duk shekarun da ya yi yana tuƙi bisa kwaltar godiro bai daina kewar ƙamshin laka ba.

Da hannunsa ya yi haƙar. Ya zurfafa tsakiya, ya bar gefe guda ya kwanta a hankali don ƙaramar dabba in ta shiga ta iya fita. Ya shimfiɗa bash, wato tamfol mai kauri, ya rufe shi da yumɓun da wani mai amalanke ya kawo masa daga bakin gulbi. Mai sayar da furanni ya yi ta tallata masa tsirran waje masu kyan gani, ya ce a'a, na ƙasar nan yake so. Ya je gulbi ya tono saiwar bado da ciyawar burgu, ya dasa jema a gefe, ya zuba ƙananan kifaye don su cinye tsutsar sauro.

Kafin damina ta wuce wurin ya cika da baƙi. Mazari suka zo, kwaɗi suka tare, kurciyoyi suka riƙa sauka da hantsi. Wata safiya har bushiya ya tarar tana lasar ruwa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ja shi bayan gida, ko da mutum sauri yake yi.

"Ka ga wancan? Ba ni na kawo shi ba, da kansa ya zo," haka yake cewa kullum.

Sai bazara ta shigo da zafinta, ruwan robine, wato famfo, ya fara ɗaukewa a kartiyen nasu. Ruwa yakan zo kaɗan, ya ɓace kwana da kwanaki. Gidan Nassirou bai ji jiki sosai ba, don akwai shato a bisa soro mai tara ruwa duk lokacin da ya zo. Amma rana tana shan kududdufin kamar da gayya. Ganyen bado ya fara kwanciya bisa laka, ƴaƴan kwaɗi suka cunkushe a tsakiya. Kullum da la'asar sai ya ja tiyo daga shato ya ƙara musu.

A kangon da ke jingine da katangarsa wata Bazabarma ce ke zaune, sunanta Kadi. Mai kangon ya bar ta tana gadin wurin ita da tsohuwar uwarta da ba ta iya tashi. Kopto take sayarwa a kasuwar Lazaret, zogale da ƙuli da yaji. Ba su da robine, wajen ƴan garuwa suke sayen ruwa, a kwanakin nan kuwa ƴan garuwar ma sai an yi sa'a ake ganinsu.

Wata la'asar, yana riƙe da tiyo, ya ji ana buga ƙofa. Ya ajiye tiyon cikin kududdufi ya je ya buɗe. Kadi ce da bido biyu, jarkokin ɗibar ruwa.

"Fofo, Alhaji. A taimake ni da ruwa kaɗan. Tsohuwa ta ɓata shimfiɗa, ba ni da abin wankewa."

Nassirou ya tuna yadda shaton ya yi ƙasa, ya tuna ba a san ranar da ruwa zai dawo ba. Ya kuma raya a ransa cewa in ya ba ta yau, gobe duk layin zai zo.

"Wallahi Kadi, mu ma shaton ya ƙafe. Sai dai haƙuri."

"To, ba komai. Allah ya kawo sauƙi."

Ta ɗauki bidonta ta juya. Ya rufe ƙofa ya koma, ruwa yana ta zuba cikin bado. Ya tsaya yana kallonsa, ya ce wa kansa ai waɗannan ma rayuka ne, ba su da bakin roƙo. Maganar ba ta zauna masa ba, amma bai kashe tiyon ba sai da ruwan ya kai inda yake so.

Washegari ya tafi kasuwar Petit Marché cefane. Da ya dawo ya tarar an tattake jemar gefe, laka ta dagule.

"Wa ya shiga nan?"

Ramatou tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Kadi ce. Na ce ta zo ta ɗiba a robine, ta ce a'a, Alhaji ya ce shato ya ƙafe, ba za ta ƙarar mana da na sha ba. Ta ce in dai ba damuwa, na kwaɗin nan ma ya ishe ta wanki." Sai a nan ta dube shi. "Yaushe shatonmu ya ƙafe, Alhaji?"

Ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga.

Bayan azahar aka yi sallama. Kadi ce kuma, wannan karon da ɗan kwanon silba a hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zube. Cikin kwanon ƴaƴan kwaɗi ne baƙaƙe suna ta kaɗa wutsiya.

"Alhaji, ga dabbobinka. Sun biyo ni cikin bido, sai da na tace na gan su. Na ce kada su mutu a hannuna, na san kana son su."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ta yi gatse da ya fi masa sauƙi. Ya karɓi kwanon, ya lura ruwan da ke ciki fari ne tas, ba na kududdufi ba ne. Daga ɗan abin da take da shi na sha ta zuba musu. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "An gode." Ta tsaya ya juye su, ya miƙo mata kwanonta, ta tafi.

Ranar bai ci abincin kirki ba. Da safe ya kira mai gyaran robine, aka huda katanga aka fito da kan famfo waje. Ya daina ƙara wa kududdufin daga shato, sai ruwan ɗaurayar hatsi da na alwala da Ramatou ke tara masa a bokiti. Wurin ya tsuke ya koma kamar faifai, kifaye da yawa suka mutu, ya kwashe su da kansa.

Matan layin suka yi ta zuwa suna ɗiba suna sa masa albarka, kowace albarka kuwa ƙara masa nauyi take yi. Kadi ba ta taɓa zuwa ba. In sun haɗu sai ta gaishe shi da ladabi kamar kullum, ta wuce da bidonta can wani wuri. Ramatou ce ta riƙa kai mata da kanta, shi ma sai da rantsuwa take karɓa.

Kafin ruwan farko ya sauka mai kangon ya zo da magina, Kadi da tsohuwarta suka tashi. Nassirou bai ma san ranar ba, sai tulin bulo ya gani a ƙofar.

Damina ta cika kududdufin, bado ya tsiro daga laka kamar ba a yi komai ba. Wata Juma'a ya hau taksi ya tafi Lazaret, ya yi ta zagaye har ya same ta gaban tasarta. Suka gaisa, ya tambayi jikin tsohuwa, ta ce da sauƙi. Ya ce a zuba masa kopto. Tana ƙullawa ya sassauta murya.

"Kadi, ranar nan da kika zo, akwai ruwa a shaton."

"Na sani, Alhaji. Ina jin zubarsa ta bayan katanga." Ta miƙa masa ƙullin. "A sa ƙarin yaji?"

"A'a, ya isa."

Wata mata ta matso tana tambayar ko zogalen na yau ne, Kadi ta juya wajenta. Nassirou ya ɗan tsaya da ƙullin a hannu, har wani mai baro ya yi masa tsawa ya ba da hanya. Ya matsa gefe, ya nufi bakin titi yana jan gwiwarsa.