Ƙafa Ɗaya a Kwale-kwale

Lindsay Kerslake ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin fito a kogin Murray, yana tsallakar da motoci da tumaki daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da ya yi ritaya, sai ya koma bin matarsa Beryl daga kicin zuwa lambu, har ta gaji ta ce, "Tsoho, je ka nemi sa'o'inka, ka bar ni in sha iska."

Sa'o'in nasa tsofaffi uku ne masu zama da hantsi a wani benci a bakin ruwa, kusa da gidan burodi. A wurinsu ba a kiran kowa da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Merv, wanda hannunsa ke rawa har wandonsa ya fi cikinsa shan shayi, shi ne Shaky, wato Mai-karkarwa. Noel gwiwoyinsa ƙara suke yi kamar tsohon tsani, ana ce masa Rickety, wato Kwararraɓaɓɓe. Clarrie kuwa tun da aka yi masa aikin ƙugu yake tafiya a karkace, ya zama Wonky, wato Karkatacce.

"To, kai me ke rawa a jikinka?" in ji Merv. "Nan sai da lahani ake shiga."

"Ni? Garau nake," Lindsay ya ce. "A kan ruwa na tsufa, ban taɓa ko zamewa ba."

Ya dai san a safiyar nan sai da ya jingina da bango kafin ya iya zura wando, amma bango ba ya gulma. Suka matsa masa ya zauna, suka ce suna zai zo da kansa.

Wata Asabar ya ga ya kamata ya nuna musu bambancin ɗan ruwa da 'yan benci. Ya sauko da sandar kamun kifi, ya bi ta gabansu yana ta yin fito da baki, ya hau dandamalin katako na bakin ruwa inda ƙaramin kwale-kwalensa yake ɗaure. Don ya burge, sai ya kwance igiyar tun kafin ya shiga, abin da ya yi shekaru yana zagin sababbin ma'aikata a kai. Ya ɗora ƙafar dama a kwale-kwale, ta hagu tana kan katako. Kwale-kwalen ya fara ja da baya a hankali, ya tafi da rabin mutum.

Tsofaffin nan ko motsi ba su yi ba, sai neman sunan da ya dace da shi.

"Wobbly ne wannan," in ji Noel.

"A'a, mutumina," Clarrie ya ce. "Wobbly na teburi ne, ya yi ta rawa amma ba ya faɗuwa. Wannan kuwa faɗuwa zai yi."

"To tottering, irin na yaro mai koyon tafiya."

"Yaro ai gaba yake yi. Dubi bawan Allah, ba gaba ba baya."

Lindsay yana jin su sarai. Ƙafafunsa sun buɗe kamar almakashi, hannuwansa na iyo a iska, wandonsa ya soma kuka ta baya. Da mai hankali ne, igiya zai roƙa. Shi kuwa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce mutum uku sun tsufa da harshen uwarsu ba su san shi ba.

"Jahilan banza!" ya daka tsawa. "Teetering ake cewa! Abin da ya tsaya a baki, yana gab da..."

Kogin ne ya ƙarasa masa maganar.

Ruwan bai wuce ƙugu ba, wanda hakan ya ƙara abin kunyar. Ya miƙe da ciyawa a ka, agwagi sun watse, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Merv ya taso da kofin shayi don ya ɗumama shi, kafin ya iso saura kurɓi ɗaya.

"Sannu, Teeter," ya ce. "Ba a taɓa samun wanda ya raɗa wa kansa suna ba sai kai."

Lindsay ya karɓi kurɓin ya shanye, ya ji dariya na taso masa, ya bar ta ta fito.

A gida Beryl ta dube shi daga sama har ƙasa, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu daga ƙofa zuwa banɗaki.

"Kifin fa?"

"Na je har gidansu, ba sa nan."

Ran Litinin ya fito da sandar dogarawa ta marigayi babansa. Ya gaya wa Beryl don korar agwagi ce. Ta ce to, ya dai riƙa korarsu a hankali.