Rediyon Motar Gawa

Duk Sabon Gari an san Fijon Elias, kuma ba mai son ganinta a ƙofar gidansa. Doguwa ce mai ruwan toka, an cire mata kujerun baya. In ɗan ƙabilar Ibo ya rasu a asibitin Shika, ita ke kai shi garinsu, don su ba sa yarda a binne nasu a baƙon wuri, ko da kuwa a Zariya aka yanke masa cibi.

Gawa ba ta taɓa ba Elias tsoro ba. Barci yake tsoro. Daga Zariya zuwa Abuja rediyo na ɗebe masa kewa, amma da an wuce Gwagwalada sai tashoshi su fara shiii, su ɗauke. Masu rakiyar gawa kuwa kuka suke har su gaji su yi barci, su bar shi da kwalta da rana. Goro ya daina yi masa aiki. Kaset-kaset ɗinsa duk ya haddace su, sun zama waƙar reno. Abin da ke riƙe masa ido shi ne muryar mutum yana surutu, ko da bai san me ake cewa ba.

A daminar 2004 ya gyangyaɗa kusa da Abaji, ya farka a gonar rogo, shi da mota da mamaci. Ba wanda ya ji ciwo, amma matarsa Akunna ta ga ganyen rogo a ƙarƙashin mota, kuma ba mace ba ce da ake wa ƙarya.

"Baban Nedu," ta ce, "ni ba zan yi hayan wani ya kai ka gida a akwati ba. Ko ka nemo magani, ko ka aje makullin nan."

Maganin yana wurin Lanre, mai gyaran wayar mota a bayan kasuwa, mutumin da in ya fara bayani sai ka nemi kujera. Ya fito da wata rediyo daga kwali yana shafa ta kamar jaririya.

"Oga Elias, wannan ba ruwanshi da Kaduna ko Legas. Daga sama yake ɗauka, satalayit. Ko cikin dajin Lokoja kake, za ka ji ƙwallo garau."

Ya huda rufin motar a tsakiyar kariya, inda ake ɗaure kaya, ya ɗaure eriyar da noti. Ƴar faffaɗa ce kamar murfin kwano. Ya zuro waya ta gefen gilashi, ya haɗa da batir. Aka kunna, shiru. Lanre ya ce ai sai an buɗe layi. Ya karanta lambar bayan rediyon ga wasu mutane a Legas ta wayar hannu, suka ce a jira. Aka tura motar fili tana kallon sama, Elias na zaune a ciki yana zufa yana zagin kansa. Can da la'asar lambobi suka shigo wayar Lanre, ya danna su ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani Bafaranshe yana zuba kamar a cikin motar yake.

"Abu ɗaya," in ji Lanre. "Dole eriyan ya ga sama. Ka rufe shi, ya mutu."

Elias bai damu ba. Ai kayan masu makoki a bas suke bin baya, rufinsa kullum fayau yake. Ya yi tafiye-tafiye da rediyon ya dawo lafiya, har da labarin ƙwallon ƙasashen da bai san inda suke ba. Akunna ta koma yin barci da ido biyu a rufe.

Sai Chuks ya rasu, mai shagon hoto-kwafi a bakin jami'a. Elias ya ɗauko shi daga mutuware da sassafe, ya biyo ta Samaru don ya ɗauki matar mamacin, Bibiana. Ya tarar ba bas, ba dangi, daga ita sai maƙwabta. Ba ta haihu ba, kuma ba za ta dawo Zariya ba, saboda haka ta kwashe ɗakin kaf. Kafin ya gama gaisuwa da dattawa, samarin gidan sun ɗora katifa da keken ɗinki da buhunan tufafi a kan kariya. A tsakiya, daidai kan eriya, suka kifa wani babban bahon ƙarfe, suka ja tamfol suka ɗaure tam.

Elias ya leƙa cikin mota. Bafaranshe ya yi shiru.

"Madam," ya ce, "bahon nan fa..."

Bibiana ta ɗago jajayen idanu. "Shi ya saya min, ranan da ya kawo ni Zariya. In ya yi nauyi, a sauke katifan. Don Allah kar ka ce in bar shi."

Cikin mota akwati ya cinye wuri. Maƙwabta sun yi cirko-cirko, wata tsohuwa ta fara waƙar coci. To me zai ce? A kwance kayan mai takaba a gaban jama'a, mijinta na kwance a baya, don direba yana son jin ƙwallo? Wallahi ni ma mai ba ku labarin nan, da ni ne, ban san ko bakina zai buɗe ba. Kunya ce ta kama shi, kuma haushin kunyar nan nake ji har yau.

"Ba komai, Madam. Shiga mu tafi."

Ya ce a ransa zai kwance kayan a hanya, in an rabu da idon mutane. A Kaduna ya dube ta tana kuka, ya fasa. A Gwagwalada ta samu barci a karon farko tun rasuwar, kanta a jikin gilashi, ya ga tashinta zalunci ne. Ya jefa goro a baki. Ya yi waƙa ƙasa-ƙasa, ya mari cinyarsa, ya sauke gilashi, iska mai zafi ta shigo. Rana ta take tsaka, kwalta ta miƙe tana ƙyalli.

Manoman da ke kusa da hanyar Lokoja sun ce ba su ji ƙarar birki ba. Motar ta sauka daga titi a hankali, ta gangara, ta rungumi bishiya. Igiya ta tsinke, katifa da keke da baho suka yi gaba cikin ciyawa. Bibiana ce suka fara jawowa, da karaya a hannu, tana numfashi. Akwatin ko tsagewa bai yi ba.

Sai wani ya ji magana a gaban motar, muryar namiji, garau, ba ko nishi.

"Direban na da rai! Yana magana!"

Suka taru a ƙofarsa da fartanya da gatari, suna ce masa ya yi haƙuri, ya riƙe, ga su nan. Da ƙyar ƙofar ta ɓalle. Elias na kife a kan sitiyari ba rai, goro a bakinsa bai gama taunawa ba. Eriya tana kallon sama, Bafaranshe yana ta zuba.