Jirgin da Ke Karkata Hagu

Oddvar yana kwance igiyar jirginsu na kamun kifi a bakin tasha ya ji dariyar matarsa daga ɗakin tuƙi. Ba irin wadda Halldis ke yi masa ba ce, mai fitowa ta hanci. Wannan daga ciki take tasowa, kuma ya san wa ake yi wa: Eilif mai gyaran na'urori, wanda ya shige ƙarƙashin teburin tuƙi, takalmansa kaɗai ake gani.

Kowa a garin ya san Eilif ne ya fara neman Halldis, tun Oddvar bai fara aske gemu ba. An daɗe da yin wannan, amma a Lofoten, can arewacin Norway, zance ba ya ruɓewa, sanyi ke adana shi. Bara matar Eilif ta rasu. Mutumin ya rage tumbi, ya sayi sabuwar rigar sanyi, kuma babu wanda ya lura da hakan kamar Oddvar.

Halldis ce matuƙiya, jirgin ma gadon mahaifinta ne. Oddvar yana baya da ƙugiya da wuƙa. Tun bayan Kirsimeti tsohuwar na'urar da ke riƙe wa jirgi hanya ta fara rashin mutunci: a saita ta, sai ta riƙa jan jirgin hagu a hankali kamar bugagge mai komawa gida. Ga shi lokacin skrei ne, babban kifin hunturu, Halldis kuma ba ta da damar sakin sitiyari ta taya shi aiki. Eilif ya zo ya sake zuwa. Duk ranar da suka fita gwaji shi da ita, jirgi sai ya tafi sambal. Oddvar bai taɓa bin su ba. Da ya hango motar Eilif yakan saɓi jakarsa ya tafi shagon kofi, ya zauna yana cin rai. A can ya yanke hukunci cewa da gangan mutumin ke ƙin gyarawa, don ya sami dalilin dawowa. Kishi yake yi, kishi mai zafi, da furfurarsa da komai.

"Yau ba za ka shan kofin ba?" Halldis ta leƙo ta taga.

"Iska nake sha'awa."

"Kai da ke shan ta kullum kyauta?"

"Ƙyale shi ya zo, Dis," in ji Eilif daga ƙarƙashin tebur. "Wataƙila na'urar kunyarsa take ji."

Dis. Babu mai kiran ta haka a duniya sai shi. Oddvar ya sauka ƙasa ya rataye jakarsa a ƙusar da ya saba, ya hawo ya tsaya a ƙofar ɗakin tuƙi, inda ya tabbatar ya tare musu haske.

Suna fita daga mashigi Halldis ta danna na'urar ta saki sitiyari. Ba a jima ba hancin jirgin ya fara neman hagu.

"Yauwa, yau dai ta nuna halinta," Eilif ya ce. "Kamfas ɗinta mai nuna mata arewa yana ƙasa, bayan katakon nan na kusa da gado. Ba ku ajiye wani ƙarfe a wurin ba?"

"Ai kai da kanka ka duba. Ko cokali babu," in ji Halldis.

"To ƙwaƙwalwar na'urar ce ta tsufa. Irin wannan ko kayan gyaranta an daina yi. Sai dai a cire komai, allo da wayoyi da kamfas, a sa sabo. Kusan mako zan yi a cikin jirgin nan, kuma dole ki zauna kusa da ni in koya miki."

"Kusa da kai," in ji Oddvar.

"Ko kai za ka koya, mutumina? Na ji wayarka ma 'yarka ke saita maka."

Oddvar ya sauka ɗauko butar kofi. Yana miƙa hannu ya ga wani ɗan noti manne a jikin jakarsa, babu abin da ke riƙe da shi. Ya cire shi, ya saki, notin ya sake tsalle ya manne. Ya zuge jakar. Rediyon da 'yarsu Sunniva ta ba shi ranar Kirsimeti ne a ciki, mai ƙatuwar lasifika, kuma shi ma ya san abin da ke cikin lasifika: maganaɗisu, mai rikita kamfas. Ya dubi ƙusar. A jikin katakon nan na kusa da gado take. Wato duk ranar da ya yi fushi ya tafi da jakarsa, tare da ciwon jirgin yake tafiya.

Ya sauke jakar ya ja da baya da ita. Ya ji jirgin yana gyara zama a ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Tsaya, me ka taɓa?" muryar Halldis ta zo daga sama. "Ya miƙe."

"Wannan wayar na ɗaure," in ji Eilif.

"Kai, Eilif, ba ka da dama."

Abin ya soki Oddvar. Ya mayar da jakar kan ƙusa. Jirgi ya sake neman hagu, shi kuwa ya tsaya cikin warin gishiri da man inji yana jin wani daɗi da rabonsa da shi tun kafin hunturu.

"Shi ke nan," ya ji Eilif ya ce. "Bari in kankare tsatsar bakin wayar, in bai yi ba, gobe in yi odar sabuwar."

Daɗin ya gudu. In ya bar jakar, Eilif zai tare a jirgin. In ya hau ya faɗi gaskiya, kafin magariba duk tasha ta ji, kuma su biyun nan ne za su fara dariyar, tare. Ya cusa jakar cikin rigar ruwansa, ya bi ta baya, ya tura ta ƙarƙashin tamfol a can ƙarshen jirgi.

Da ya dawo ɗakin tuƙi, layin da ke kan allo a miƙe yake. Halldis ta juya jirgin gabas, ta juya kudu, na'urar ba ta yi gardama ba. Eilif kaɗai ke ta sosa ƙeya.

"Ni fa ban gamsu ba. Ban ga yadda wayar nan za ta jawo haka ba. Gara in dawo jibi in sake dubawa."

"Haba, ai ka gyara," Oddvar ya yi maza ya ce.

"Anya?"

"Ka gyara mana. Tsatsa ce, ni ma na zarge ta. Duk yankin nan wa ke da hannu irin naka? Ba sai ka dawo ba."

Halldis ta juyo ta dubi mijinta da kyau, fuskarta ta yi laushi.

"Ka ji, Eilif? Har Oddvar ya yaba, mutumin da ko miyata bai taɓa yabawa ba. To yau a gidanmu za ka ci abinci, ka huta da cin burodi kai kaɗai. Oddvar, je ka zaɓo mana ɗaya cikin kamun safe, mai hanta da ƙwai."

Ya koma baya ya buɗe akwatin ƙanƙara. Ya daɗe yana juya wani ƙaramin kifi ramamme a hannunsa. Sannan ya mayar da shi, ya jawo babban, ya zaro wuƙa. Halldis ma za ta ci.