A-kori-kurar Lambun Dashe

Lambun dashen Baba a ƙasan kwari yake, bakin rafi, kuma hanyar fita daga cikinsa ɗaya ce tak: wani tudu mai jar laka da ya miƙe kamar tsani, ya karya kwana a tsakiya, sannan ya faɗa kwalta. Duk abin da lambun ya fitar, dashen lemo ne, na mangwaro ne ko furannin ƙofar gida, sai ya bi ta tudun nan cikin baƙaƙen ledoji cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda bai taɓa ɗaga ledar dashe ba sai ya zaci ganye ne kawai, bai san ƙasar ce ke karya baya ba.

Shekara da shekaru wata tsohuwar a-kori-kura ce ke wannan jigila. Goggo suke ce mata, saboda ba ta hawa tudun sai da mita. Ranar da injinta ya buga, makanike ya leƙa, ya goge hannu, ya ce, "Baba, a bar baiwar Allah nan ta huta haka." Baba bai yi musu ba. Ya shafa murfin injin, ya ce to, za a sayi sabuwa fil, irin wadda mutum ke zaɓar kayan cikinta kafin a haɗa.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce kaɗai ta tsaya a lambun. Yayyenta duk sun kama aikin ofis, ita kuwa tun tana 'yar makaranta hannunta ke cikin taki, yanzu ga ta cikakkiyar mace, ita ke auren dashe, wato haɗa reshen wata bishiya a jikin wata, ita ke karɓar masu saye. A kan Goggo Baba ya koya mata tuƙi, kuma a duniya ba abin da ke mata daɗi kamar ta ji inji ya cika wuya, ta taka kuloci, ta zura giya ta shige sumul. Sai dai ba kasafai take samu ba, don Baba bai cika sakin sitiyari ba.

Amma Auta ta ga abin da Baba ya ɗauka ba wanda ya gani. In ya dawo daga kai kaya, sai ya waiga, in ba kowa, ya sa hannu biyu ya ɗago ƙafarsa ta hagu ya sauke ta ƙasa kamar kayan aro. Gwiwar ta gaji da kuloci. Don haka tun kafin a je ko'ina ta yanke a ranta cewa mota mai sauya giya da kanta za a saya, wato otomatik, ko da kuwa ita a wurinta tuƙa irinta kamar zama ne a kujerar asibiti.

"Zamani ya wuce giyar hannu, Baba," ta ce masa suna cin abinci. "Kowa yanzu otomatik yake saye."

"Kowa?" Ya dube ta. "Ba ke ce kika ce otomatik keken guragu ba ce da aka sa wa rufi?"

"Yarinta ce lokacin."

"Watan jiya ne fa."

Mama ta ƙyalƙyale da dariya har ta ƙware. Ana cikin haka babban wansu ya kira waya, ya ce in za a saya a sayi babban injin fetur mai fulogi shida, wanda in ya yi gurnani unguwa za ta san an zo. Baba ya saurare shi tsaf, ya sa masa albarka, ya ajiye wayar.

"Wanku yana son dashe ya isa gidan mutane ba ganye ko ɗaya," ya ce.

Kamfanin motocin wani dogon ɗaki ne na gilashi, tayil ɗinsa na ɗaukar ido, ko'ina ƙamshin sabuwar roba. Baba ya karkaɗe takalmansa a ƙofa har sau biyu. Mai sayarwar saurayi ne siriri mai tabarau, kuma Auta ta yi tsammanin zai fara zuba kamar rediyo. Sai ya jawo musu kujeru, ya zauna, ya ce, "Baba, me za ta riƙa ɗauka, kuma ina za ta riƙa bi?"

Baba ya gyara zama. An taɓo masa inda yake so. Ya kwatanta tudun da hannu, ya kwatanta kwanar, ya faɗi yadda laka ke zama kamar sabulu in an yi ruwa.

"To abu uku za ku zaɓa," in ji saurayin. "Inji, fetur ko dizal. Akwatin giya, na hannu ko otomatik. Sai kuma giyar da ke tsakanin ƙafafun baya, wadda yawancin mutane ba sa ma tambaya. Akwai mai gudu, tana shan mai kaɗan a kan kwalta, amma da kaya a tudu sai ta yi nauyin jiki. Akwai mai ja, ita kuwa ko gida aka ɗaura mata za ta taso da shi, sai dai a babban titi inji zai riƙa ƙara, kuma kowa zai wuce ku."

"Su wuce," Baba ya ce. "Ni ban taɓa ganin bishiyar da ta makara ba. Wannan na ukun an gama, mai ja. Sauran biyun fa, ɗana, ba a kan tayil ɗin nan zan gane su ba."

Saurayin ya yi murmushi. "Muna da na gwaji. In kun yarda, mu kawo su lambun."

Ranar da suka zo da motoci uku, sun tarar Baba ya ja tiyo daga injin ban-ruwa yana jiƙa tudun tun daga kwana har ƙasa. Saurayin ya dubi takalmansa masu sheƙi, ya dubi lakar.

"Baba, ai rani ake."

"Motar ba rani kaɗai za ta yi ba."

Ma'aikatan lambun suka loda wa ta farko ledoji har baki. Ita ce mai fetur, babban injin da wan Auta ke so. Direban kamfani ya ja ta, ta taso da gurnani mai daɗin ji, tana isa lakar ƙafafun baya suka hau juyawa a wuri ɗaya suna feshin jar ƙasa. Ta hau dai daga ƙarshe, da ihu da wutsil-wutsil, dashen bayanta na kaɗa kai kamar 'yan amshi. Baba ya ce ƙarfi kam akwai, amma ƙarfin nata sai an yi mata tsawa yake fitowa.

Aka mayar da kayan kan ta biyu, dizal otomatik. Wannan Baba ya ce shi zai ja. Auta ta zauna gefensa, zuciyarta na addu'a. Ya laluba da ƙafar hagu yana neman kuloci, ya ji wayam, ya yi tsaki, sannan ya taka totur a hankali. Motar ta ɗauki tudun ba hayaniya, ta sha kwanar, ta fito kwalta kamar ba ta ɗauki komai ba. Sai Baba ya fashe da dariya.

"Kai! Ashe haka masu kuɗi ke ji? Ƙafata har ta fara gyangyaɗi."

"Ka gani ko, Baba? Ai na faɗa maka." Daɗi ya kama Auta.

"Ba ta da laifi ko kaɗan," ya ce. "Wanda ya ƙera ta ya san aikinsa. Mu koma, saura ɗaya."

Ta ukun dizal ce mai giyar hannu. Da aka gama lodi, Baba ya karɓi makullin, ya zagaya, ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna abinsa. Ya miƙo wa Auta makullin ta taga.

"Ni kuma?"

"Da wa nake?"

Ta shiga. Kulocin sabo ne, da ɗan tauri, sandar giyar kuwa ta zauna a tafin hannunta daram. Ta sa lamba ɗaya, ta saki ƙafa sannu, injin ya yi wata 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa, motar ta taso ko totur ba ta taɓa ba. Ba ta san lokacin da ta yi murmushi ba. Suna isa tsakiyar kwanar, inda lakar ta fi santsi, hancin motar na kallon sama, Baba ya ce, "Tsaya."

"Nan?"

"Nan. Kashe ta ma."

Ta taka birki, ta ja na hannu, ta kashe. Ta madubi tana hango saurayin kamfanin can ƙasa ya ɗora hannu a ka.

"To, tayar, mu tafi."

Nan ne wurin da ko Baba kan yi bismilla sau biyu. Auta ta tayar, ta sa giya, ta ɗago kuloci har ta ji motar ta yi nishi ta ɗan tsuguna, sannan ta sauke birkin hannu. Ko taƙi ɗaya ba su koma baya ba. Ƙafafun suka kama ƙasa, motar ta haura a natse, ta ba ta lamba biyu daidai inda tudun ya sassauta. A bakin kwalta ta tsaya.

Baba bai yaba ba. Ya ce, "Wacce?"

"Otomatik ɗin."

"Auta, ban tambaye ki gwiwata ba. Ita na san amsarta, kullum da asuba tana gaya mini."

Ta sunkuyar da kai. Ashe ya sani.

"Kin zaci ban ga kina laɓewa bayan tankin ruwa ba in zan sauko daga mota? Na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma ki duba. Motar nan in an kula da ita za ta yi shekarun Goggo. Ni kuwa, ko wadda ke tuƙa kanta aka ba ni, tuƙin da ya rage mini kaɗan ne. In ba gwiwa ba, ido. In muka saya don ni, na ji daɗi na ɗan lokaci, ke kuma ki yi ta zama cikin motar da ba ki so har ki yi furfura. Ba a yanka wa mutum riga da awon wani. Na ga fuskarki da kika saki kulocin nan."

"To kai fa, Baba? Ka daina fita ke nan?"

"Wa ya ce? Ga kujera nan mai laushi, har da abin jingina kai. Ina nan, ina gaya miki duk inda kika yi kuskure."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta goge da bakin mayafi. Ta dubi sandar giyar ta ce, a hankali, "Wannan nake so."

"To faɗa wa yaron can da bakinki, kafin tsoro ya kashe shi."

Ita ta faɗa ɗin: dizal, giyar hannu, ƙafafun baya masu ja. Saurayin ya rubuta, ya ce da shi ne da otomatik ɗin zai ɗauka, amma bayan abin da ya gani a kwanar nan ba shi da ta cewa. Baba ya sa aka ɗora masa dashen lemo biyu a mota, ya yi masa bayanin ban-ruwa har sai da direbobin suka fara duba agogo.

Motar ta iso farkon damina, fara sol, ba ta kwana biyu ba ta koma ja. Fitarsu ta farko kai dashen inuwa ne wata sabuwar makaranta a ɗaya gefen gari. Baba ya cika alkawari: kafin su kai kwalta ya ce ta yi saurin sa lamba biyu, ya ce ta matse kwana, ya ce madubin gefensa bai daidaita ba. A babban titi injin ya riƙa ƙara kamar yadda aka faɗa, ƙananan motoci na wuce su fuu. Daga nan sai gyaran ya fara raguwa. Auta ta saci kallonsa, ta ga ya juya gaba ɗaya yana kallon waje.

"Yaushe aka yi bene a nan?"

"Ya fi shekara biyar, Baba."

"Ikon Allah. Kullum ta nan nake bi." Can kuma ya dafa gaban motar. "Tsaya, tsaya! Koma baya kaɗan."

Wani gida ne mai shuɗiyar ƙofa, wata ƙatuwar bishiyar mangwaro ta haye katangarsa ta rufe rabin titi da inuwa. Wani dattijo na zaune ƙarƙashinta a kujerar roba.

"Tawa ce wannan," in ji Baba. "Dubi yadda reshen ya rabu uku daga wurin auren, hannuna ne. Ni na kawo ta gidan nan tana leda, ko gwiwata ba ta kai ba."

Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu biyu ya sauke ƙafarsa a gabanta ba tare da ya waiga ba, ya ɗingisa zuwa wurin dattijon. Auta ta ga sun gaisa, ta ga Baba na nuna reshe, ta ga dattijon ya miƙe zumbur ya rungume shi, ya leƙa cikin gida yana kira a kawo wata kujera. Ta danna ham sau ɗaya. Baba ya ɗago mata hannu, alamar yanzun nan, ya zauna.

Ta kira shugaban makarantar ta ba shi haƙuri, ta ce za su ɗan makara. Sannan ta gyara fakin zuwa cikin inuwar don kada rana ta dafa dashen, ta kashe injin, ta sauko ta je gaishe su.