Kuɗin Motar da Ba Ta Ɗauki Komai Ba

Bashin dubu ɗari da ashirin ne, na katako, kuma Kafinta ya biya shi tun ranar huɗu ga wata, kwana shida bayan alƙali ya yanke hukunci. Shi ya sa da ya ga mutum biyu a ƙofar shagonsa ranar Litinin da safe, ga babbar mota a bayansu, ya ɗauka masu son a yi musu gado ne.

Ma'aikatan kotu ne, masu kwasar kayan wanda ya ƙi biya. Dogon cikinsu ya miƙo takarda. Gajeren ya wuce ciki ba sallama, ya duƙa a gaban injin yanka katako yana kwafar lambarsa.

"Malam, ɗauke hannunka daga injina. Na biya bashin nan."

"Ina rasit?" in ji Dogo.

Babu rasit. Mai bin bashin kawun matarsa ne, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Cikin fushi kawun ya kai ƙara, bayan wata 'yar sa-in-sa a kan katakon da ya jiƙe. Ranar biya, Kafinta da matarsa suka je har gida, suka durƙusa, ya ajiye ambulan a gefen ƙafar Kawu. Kawu ko ƙirgawa bai yi ba. Ya tura shi ƙarƙashin matashi, ya ce komai ya wuce. Da wane baki mutum zai ce wa surukinsa a wannan zaman, rubuta mini?

Dogo ya kira Kawu a waya. Kawu ya ce e, ya karɓa, tuni ma. Dogo ya ja layi a kan dubu ɗari da ashirin, ya juyo da takardar.

"Saura namu."

Kafinta ya bi ta da yatsa. Buɗe fayil, dubu takwas. Wasiƙa biyu, dubu shida. Zuwan farko, sha biyar. Zuwa na biyu, sha biyar. Mota, talatin. Dubu saba'in da huɗu.

"Wane zuwan farko?"

"Ranar sha biyu ga wata. Shago a rufe."

"Ina can ina kafa wa mutane ƙofofi! Ku ga kwaɗo a ƙofa, ku juya, sha biyar? Motar kuma wa ya aike ku da ita? Ko ƙusa ba ta ɗauka ba!"

"Ta dai zo," in ji Gajere, yana liƙa jar takarda a jikin injin. "Kuma ba ruwa take sha ba."

"Juma'a za mu dawo," in ji Dogo. "In babu kuɗi, inji ya bi mu. Motar ranar ma da nata lissafin."

Da injin yake yanka duk abin da yake sayarwa. Akwai aikin tebura arba'in na wata makaranta a ƙasa, ya riga ya karɓi kafin alƙalami, ya zuba a katako. Da zarton hannu ba zai gama goma ba kafin wa'adi.

Ranar Talata ya yi awa uku a kan benci a ofishin ma'aikatan kotun kafin a kira lambarsa. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta saurare shi har ya gama ɗaga murya, sannan ta gyara tabarau.

"Ka gama? To, ji. Kuɗin nan ba ya goguwa, an yi aikin. Abin tambaya, wa zai biya. Mun buɗe fayil ranar tara. In ka biya kafin nan, mai bin bashi ya karɓa ya yi shiru bai sanar da mu ba, a kansa kuɗin zai koma."

"Ni ban ce a ɗora wa kowa ba. Cewa na yi ba ku cancanci ko kwabo ba."

"Wannan babu shi a fom." Ta turo takarda ta ƙasan gilashi. "Mai bin bashin ya sa hannu a nan cewa ya karɓa ranar huɗu. Ko ka kawo wanda aka biya a gabansa ya yi rantsuwa. Da zarar ta shigo, a dakatar da ɗaukar kaya sai alƙali ya duba. Na gaba!"

Ya sami Kawu ranar Laraba a rumfar katakonsa, yana cikin raha. Kawu ya karɓi takardar, ya zaro biro daga aljihu.

"Don wannan ka sha rana? Ai da ka aiko. Ina zan sa?"

Kafinta ya nuna masa. Bakin biron ya sauka a kan layi. Da Kafinta ya yi shiru na daƙiƙa biyu, da an gama. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Kawu, ku sani, in kun sa hannu, a kanku kuɗin zai dawo."

Biron ya ɗago.

"Nawa?"

"Saba'in da huɗu."

Kawu ya mayar da murfin biro a hankali. "Wato na ba ka katako, na yi wata takwas ina jira, na yafe maka rashin kunyarka, yanzu kuma in biya ladan waɗanda suka zo kama ka?"

"Ku kuka turo su. Da kun ɗaga waya sau ɗaya kun ce an biya ku..."

"Na manta! Mutum ba ya mantuwa? Kai me ya hana ka neman rasit, tunda ɗan boko ne kai?"

"Kunyarku ta hana ni!" Masu dakon katako suka tsaya da aiki. Kafinta ya san ana kallonsa, bai rage murya ba. "Na durƙusa a gabanku kamar ɗa. Da na tsaya a tsaye kamar baƙo na ce a rubuta, da yau injina ba shi da jar takarda!"

"To je ka tsaya a tsayen," in ji Kawu, ya saki takardar ta faɗi a kan garin katako. "Ban tuna ranar ba ma."

A gida ya ba matarsa labari tana tsaye tana guga kayan makarantar yara. Bai roƙe ta komai ba. Ita ma ta san mutum uku ne a ɗakin ranar huɗu ga wata.

"Ya ce bai tuna ranar ba?"

"Haka ya ce."

"Ranar ce fa ya ce in dafa masa ruwan shan magani, ya nuna mini katin asibiti. Da kwanan wata a jiki." Ta kife dutsen guga da ƙarfi. "Baban yara, kai ma da naka. Ka yi shiru ya sa hannu mana! Gaskiyarka ta tashi a kaina."

"In cuce shi?"

"A'a, gara ni in je in rantse a kansa, dangi su ce ya raini 'yar da ta kai shi gaban alƙali."

 Kafinta ya ƙirga abin da ke cikin akwatinsa, dubu sha ɗaya. Ya kira mutum biyu neman rance, ɗaya bai ɗauka ba.

Ranar Alhamis da hantsi yana shago, yana kallon injin da ba shi da izinin kunnawa, sai ga matarsa da mayafi da katin shaidarta a hannu.

"Rufe shagon. Kada ka ce mini komai a hanya."

Ma'aikaciyar ta karɓi katin, ta cika layi biyu, ta ɗago.

"A gabanki aka biya?"

"A gabana. Ranar huɗu, da la'asar."

"Mece ce dangantakarki da mai bin bashin?"



"Shi ya raine ni."

"Babu gurbin wannan. Uba, ɗan'uwa, ko wani?"

"Rubuta uba," ta ce, ta jawo takardar ta sa hannu.