Rimot a Aljihun Isufu

Isufu ya zo Alƙahira karatu tun gashinsa na baƙi, har furfura ta riga digiri isowa. Abin da ke riƙe da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, yanzu shi ne aikin rakiyar baƙi a wata ƙungiyar sulhu da ke unguwar Ma'adi. Shugabarta, Madam Rania, ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in taron bana ya watse ba sanarwar haɗin gwiwa, masu ɗaukar nauyi za su janye, kowa ya kama gabansa. Gaban Isufu kuwa Damagaram ne, inda ake zaton ya zama dakta tuntuni.

Mutum biyu suka tsayar da taron: Rabbi Nissim, limamin Yahudawa daga Marseille, wanda ya gaji Larabcin Masar wurin iyayensa, da Shehu Sulaimanu, Basudane jikan Hausawa. Duk sun yarda a tsagaita wuta, a saki waɗanda ake tsare da su. Wanne za a fara ambata ne ya gagara, ana ta ja a ɗakin taron otal mai sanyi kamar firji.

Ranar Asabar Rabbi ba ya hawa mota, don haka Shehu zai same shi a masaukinsa. Isufu ya riga shi zuwa, ya tarar da falon kamar gidan burodi. An ɗauke wuta da safe, da aka dawo da ita na'urar sanyaya ɗaki ba ta tashi da kanta ba.

"Akwai zafi yau," in ji Rabbi, yana kallon na'urar.

"Akwai kam. Ma'alish, sai haƙuri."

"Zafi sosai, Yusuf."

"Allah ya kawo sauƙi."

Rabbi ya share gumi da gefen hannu. "Bari in koya maka wani abu. Ran Asabar ba na kunna komai, ba na kuma sa wani ya kunna mini. Amma in baƙo ya ji zafi, ya kunna don kansa, ba a ce in fita daga ɗakin ba."

Isufu ya gane sarai. Har ya ɗauki rimot sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya dubi ƙofa, ya dubi gumin Rabbi, ya tuna sanyin otal da yadda gardama ke ƙiba a cikinsa. Ya zura rimot a aljihu.

Shehu bai gama sallama ba rawaninsa ya fara jiƙewa. Ya juya harshe zuwa Hausa. "Kai Badamagare, gasa mu za ka yi? Kunna abin nan."

"Allah gafarta Malam, Asabar ce. A ce mu muka keta masa addini a ɗakinsa? Shi fa ko a jikinsa."

Shehu ya dubi Rabbi cikin baƙar kwat, ya gyara zama. Ba za a ce Bayahude ya fi shi juriya ba.

Aka buɗe gardama. Shehu ya jawo aya, Rabbi ya jawo tasa, amma kowace hujja sai ta fi ta baya gajarta. Can Rabbi ya waiwayo. "Yusuf, ba ka jin zafi?"

"Ni? A garinmu wannan sanyin safiya ne." Gumi na bin bayansa har cikin wando.

Shehu ya cire rawani ya ɗora a gwiwa. Rabbi ya bar zancen tarihi, wanda a otal yakan faro daga Annabi Ibrahim.

"Ya Shehu, in muka zuba su a jimla ɗaya, muka ce a rana guda?"

"Wanne a gaba?"

"Naka a takardar Larabci, nawa a ta Faransanci."

"Khalas. Sa hannu."

"Ba na rubutu yau. Sai rana ta faɗi."

"To ba ni hannun haka nan."

Suka tafa, tafin ya yi ƙarar ruwa. Isufu ya tambaya ko ya shaida wa Madam Rania an gama, suka ce ya shaida mata. Sai da ya ga saƙon ya shiga, sannan ya fifita fuska da hularsa.

"Ikon Allah. Yanzu nake ɗan jin zafi."

Ya zaro rimot. Shehu ya bi hannunsa da kallo tun daga aljihu, ya buɗe baki, iska mai sanyi ta riga shi.

Rabbi ya lumshe ido. "Ka ƙara mata da cewa taro na gaba ma kai nake so."

"Amma a watan Janairu," in ji Shehu.